Dagona: inda 'ya'yan Sarautar Ingila suka zo kallon tsuntsaye

Jama'a, mu nawa ne muka san cewa a shekarar 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona a ƙasar Bade ta Jihar Yobe don kallon tsuntsaye kawai? Shekara ta zagayo, ɗansa Yarima Cals da matarsa Dayana su ma suka zo.

Abin da ya kawo su ruwa ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, kafin su zama Kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi. Da sanyi ya kama Turai, sai tsuntsaye su ƙetaro Sahara su sauka a wannan dausayi, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe 'yan gida.

Kakanninmu ba kallo ya zaunar da su a nan ba. Ambaliyar damina ke ciyar da kowa: masunta su kama tarwaɗa da karfasa, manoma su shuka shinkafa, ruwa ya janye Fulani su shigo da shanu, maharba su sami rabonsu.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kano ta sami ruwan sha da noman rani, wannan ba a musu. Amma a ƙasa lissafi ya rikice. Ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki kuma ba ya yankewa da rani, sai ciyawar kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, kwale-kwale ya kasa wucewa, gonaki suka nutse a wani wuri, wani wurin ya bushe. Jan-baki kuma ya sami maɓoya yana cinye hatsi.

A 2008 an sa Dagona da Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. To amma takarda ba ta yanke kacalla, wallahi.

Idan hunturu ya shigo, ku ɗebi yara ku je Dagona da sassafe. Ku kalli tsuntsu, sannan ku zauna da masunci ku tambaye shi kifin da yake kamawa da, da wanda yake kamawa yanzu. Ruwan da ya kori tsuntsu shi ya kori abincinsa.

'Yan Bade da Haɗejawa, ku faɗa mana: yaya ruwan yake bana a wajenku?