Gurbin Ɗan Ƙwadago a Shirye-shiryen Horar da Manoma: Nazari Daga Birnin Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ake ɗaukar 'yan ƙwadagon gona aiki, da yadda ilmin noma ke isa gare su, a birnin Bauchi da kewaye. Ta dogara ga tarihin shirye-shiryen gwamnati da dokokin ƙwadago na tarayya. Matsayinta shi ne, tun daga 1975 mai gona ake horarwa, alhali sau da yawa wani daban ne ke riƙe da fartanya.

Gabatarwa

Ɗan kasuwar Wunti ko ma'aikacin gwamnati da ke da gona a hanyar Dass ko ta Ningi ba kasafai yake wuni a cikinta ba. Kuɗi yake turawa. Sharar gona da shuka da noman fari da maimai da feshi da girbi duk suna hannun waɗanda ya ɗauka, ko dai a biya su kuɗin wuni, ko a yi jinga, wato a yanka farashin aikin gaba ɗaya tun kafin a fara. Wannan tsari ba sabo ba ne. Polly Hill ta bayyana ƙwadago da jinga da tsarin gandu a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972. Abin da ya sauya shi ne nauyin aikin: ɗan ƙwadagon yau yana goya injin feshi, yana auna guba da murfin kwalba.

Tarihin Horarwa

A 1975 aka fara shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya. Na Gombe ne aka faɗaɗa a farkon shekarun 1980 ya zama shirin bunƙasa noma na jiha, wato BSADP, ya game tsohuwar Jihar Bauchi. Tsarin da aka bi na horarwa da ziyara ne: malamin gona ya karɓi darasi a kai a kai, ya kai wa zaɓaɓɓun manoma, su kuma su yaɗa wa maƙwabta. An gina tsarin ne bisa zaton cewa mai gona shi ne mai aikin gona. A ƙauyen da magidanci ke noma da 'ya'yansa, zaton ya yi daidai. A gonakin mutanen birni kuwa bai yi ba, domin ɗan cirani da ya zo aikin makonni ba ya cikin rajistar kowa, ba ya cikin ƙungiyar manoma, kuma ranar da malamin gona zai zo wataƙila ya riga ya wuce wata gonar.

Shirye-shiryen da suka biyo baya ba su cike wannan giɓi ba. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, ta fi karkata ga mayar da matasa manoma masu zaman kansu. Shirin Fadama ya yi aiki ne ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da fadama. N-Power na 2016 ya ɗauki masu takardun makaranta a matsayin mataimakan malaman gona. Kowanne da amfaninsa, amma babu wanda ya sa ɗan jinga a gaba.

Matsayin Doka

A nan ne lamarin ya fi tsauri. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa cikin wata uku da fara aiki, amma aikin jinga kan ƙare cikin kwanaki. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta tsayar da N30,000 kafin a ɗaga shi zuwa N70,000 a 2024, ta keɓe masu aikin lokaci-lokaci irin na noma, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka ciniki na baka ne, shaida kuma shugaban tawagar 'yan ƙwadago ne ko mai unguwa. In rigima ta tashi kan kuɗi, ɗan ƙwadago ke shan wuya. Shi ma mai gona ba ya tsira, don ba shi da hanyar sanin wanda ya iya feshi da wanda zai ƙona masa masara, sai bayan aikin gama ya gama.

Shawara

A ganin wannan maƙala, ba sabuwar hukuma ake buƙata ba. Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Bauchi da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da BSADP suna da malamai da filayen gwaji. Abin da ya rage shi ne gajeren horo da Hausa, a watannin Maris da Afrilu kafin saukar damina, kan auna magani da kayan kariya da tazarar shuka da sa taki, a kuma ba da katin shaida. Masu shagunan maganin gona a kasuwannin birni, irin su Wunti da Muda Lawal, za su iya ajiye sunayen waɗanda aka horar, tunda wurinsu masu gona ke fara zuwa. Ya kamata Ma'aikatar Gona ta jihar ta fara da masu feshi, domin su ne ke shaƙar gubar.