Sunan gari ba mabuɗi ba ne: ɗan tarihin jadawalin ƙauyukan Komadugu

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata matsala da ɗalibai kan kawo wa sashen kimiyyar harshe, alhali su a ganinsu ta masana kwamfuta ce. Ɗalibi yana da jadawali biyu na ƙauyukan jihar Difa, ɗaya na ƙidayar jama'a, ɗaya na makarantu ko rijiyoyi. Ya umarci na'ura ta gama su bisa sunan gari, sai wasu ƙauyuka suka ɓace, wasu kuma suka fito sau biyu. A ganinmu, tushen wannan ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa.

Daga 1906 zuwa 1909, ayarin kyaftin Jean Tilho da takwarorinsa Ingilishi suka shata iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, kuma a gabas Komadugu ce ta zama iyakar. Mutanen gaɓar nan da na waccan dangin juna ne, harshensu ɗaya. Amma tun daga lokacin, kowace gaɓa ta samu nata alƙalami. Kogin kansa Komadougou Yobé ne a arewa, Komadugu Yobe a kudu. Al'ummar da takardun Nijar ke kira Mobeur ita ce Mobbar a Najeriya, inda wata ƙaramar hukuma mai hedkwata a Damasak ke ɗauke da sunan. Ko a gaɓa ɗaya ma ba a daidaita ba: ana samun N'Guigmi da Nguigmi, kuma Chétimari ba kome ba ne illa sarautar Shettima da ɗafin -ri na kanuri mai nuna mazauni, an rubuta da kunnen Bafaranshe. Tun da wannan ɗafi yana hawa kan kowane suna ko sarauta, ƙauyuka masu suna ɗaya ba su da wuyar samu.

A 1970 ne Edgar Codd, ma'aikacin IBM a Amurka, ya fito da tsarin rumbun bayanai mai dangantaka. Sharaɗinsa shi ne kowane layi na jadawali ya kasance yana da mabuɗi, wato alamar da ba ta maimaituwa. Magatakardan haraji na zamanin mulkin mallaka bai bukaci haka ba, domin ya san mai gari ido da ido. Na'ura kuwa harafi take kwatantawa da harafi. Idan aka yi gamin da ba ya riƙe sai layukan da suka dace, Kindjandi ba ta haɗuwa da Kidjandi, sai a zubar da su duka biyu ba tare da gargaɗi ba. Idan kuma ƙauyuka biyu suna da suna ɗaya a kowane jadawali, layi huɗu za su fito, jimilla ta kumbura. Saboda haka muke cewa a ƙirga layuka kafin gami da bayansa, a kuma nemi na'ura ta nuna waɗanda ba su samu abokin gami ba.

Sai batun mulki, wanda ya fi ruɗi. Dokar 1964 ta mai da Difa departama. Da gyaran da aka zartar a 2002, departama ta koma jiha, su kuma arondisma uku na Difa, Maine-Sorowa da Ngigmi suka gaji tsohon sunan. A 2011 aka yanko Boso daga Difa, Gudumariya daga Maine-Sorowa, Ngurti daga Ngigmi. Ke nan «departamar Difa» ta ƙidayar 1988, da ta 2001, da ta 2012, ƙasa uku ce daban-daban. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum 593.821, wanda ya jera departamominta shida da uku na 2001 ba tare da ya maido da yankakkun wuraren ba, lissafinsa zai nuna masa abin da bai faru ba. Gurbi ɗaya mai suna «departama» a cikin jadawalin ƙauyuka bai isa ba. Ana bukatar wani jadawali na dabam mai faɗin wane gari ne ke ƙarƙashin wace hukuma, daga yaushe zuwa yaushe.

Daga Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, garuruwa da kansu suka tashi. Mutanen bakin kogi da na tsibiran tafki suka zauna a gefen hanyar ƙasa mai lamba 1, a wurare irin su Asaga da Ngagam, sau da yawa ƙauye guda da bulamansa da sunansa. A nan kuskuren gami yana nufin ƙauyen da bai shiga jerin rabon abinci ba, ko wanda aka rubuta sau biyu.

Wani zai ce a rubuta sunaye da ƙa'idar kanuri ta 1999, a huta. Mu ma muna son haka, amma ba ya raba gardama. Harafin ɍ bai samu lamba a Unicode ba sai 2006, kafin nan kowane ofis da dabararsa. Haka nan akwai ǝ da ə: ido na ganin harafi ɗaya, na'ura na ganin biyu, har tambaya ta dawo hannu wofi alhali kalmar na nan.

Tsarin da muke ba ɗalibai shawara shi ne jadawali uku. Na farko na wurare, kowane da lamba maras ma'ana wadda ba a sake ta, tare da inda yake a taswira. Na biyu shi ne na mulki da muka ambata. Na uku na sunaye, inda wuri ɗaya ke iya samun layi goma: yadda aka rubuta, da wane harshe, a wace takarda, a wace shekara. Ba a «gyara» tsohon rubutu a shafe shi, domin ga mai nazarin karin Mobar da na Manga, rubutun da magatakarda ya karkata shaida ce ta abin da kunnensa ya ji. Wannan jadawali na uku aikin sashenmu ne, kuma cika shi na bukatar zama da bulamomi, gari bayan gari.