Muryar Dorugu Ta Komo Gida

An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar da ake kira Nijar yau. Tun yana yaro aka kama shi bawa. Wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, sa'an nan matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai a 1855, tare da abokinsa Abbega.

A Ingila ya zauna wurin Schön, mai aikin bishara na C.M.S., wanda ke fassara Littafi Mai Tsarki. Dorugu ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Schön kuwa ya rubuta su. Aka buga su a 1885 cikin littafi mai suna Magana Hausa.

Shekaru da yawa littafin nan yana ajiye a ɗakunan karatu na Turai, inda jikokin masu harshen ba su iya kaiwa. Yanzu an ɗauki hoton shafukansa an sa a intanet, mai wayar hannu yana iya karantawa kyauta.

Amma 'yan'uwa, karatu kaɗai bai isa ba. Rubutun Schön bai bambanta ƙ da k ba, ko ɗ da d. Ya kamata a juya shi zuwa rubutun yau, a karanta wa dattawa su gyara abin da kunnen baƙo ya kuskure, matasa kuma su mai da shi wasan kwaikwayo. Hatsin da aka bari a rumbu ba ya ƙosar da kowa.