Mita da Koke a Hanyar Gwanja

A Ingilishi akwai kalmar nagging, wato nanata ƙorafi a kan abu ɗaya har mai sauraro ya gaji. Ta bazu da wannan ma'ana a ƙarni na 19. Asalin ma'anarta gaguya ce, irin wadda ɓera yake yi wa buhu. Ɗalibai sukan fassara ta da koke, amma mafi kusa da ita a Hausa ita ce mita. Tarihin fataken goro yana nuna bambancin.

A ƙarni na 19 fatake sukan tashi daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro. Hanyar ta ratsa ƙasar Bargu, ta Nikki da Paraku, sannan ta kai Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Ayari ba ƙarami ba ne. Wanda Bature Hugh Clapperton ya tarar a Kayama a 1826 ya haura mutum 1,000.

Sarakunan hanya suna karɓar garama, ga kuma 'yan fashi a daji. Idan kuɗin ya yi yawa, madugu ne zai je fada ya kai koke. Koke yana da wanda ake kai wa, kuma ana jiran amsa: ko a rage, ko ayari ya sake hanya baɗi. Falken da aka riga aka karɓe wa kuɗi kuwa, yana ɗaura wa jaki kaya yana ta maimaita asararsa daga Paraku har Jugu, wannan mita yake yi. Ba ta rage masa ko wuri ɗaya, sai dai ta gajiyar da abokan tafiya. Idan ƙasa-ƙasa yake yi don kada madugu ya ji, ya zama gunaguni.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya kasuwar, a 1898 kuma Faransa da Ingila suka raba Bargu. Amma unguwannin Zango suna nan a Paraku da Jugu. Dendi ne babban harshen ciniki, Faransanci na ofis, don haka kalmar Ingilishin ba ta samu gindin zama ba. Bahaushe cewa zai yi, "Ta cika mita," ko "Daina yi mini mita." A lura da aikatau: koke kai shi ake yi, mita kuwa yin ta ake yi. Ba a cewa an kai mita fada.