Daga Babule zuwa ɗakin likita: a tambaya kafin a ce "mahaukaci"

Yau tarihin gida za mu taɓa, don ɗalibanmu masu karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da duk gidan da ke da mai ciwon ƙwaƙwalwa.

Wajen 1925, a Cikal kusa da Filinge, wasu sabbin iskoki suka fara hawa kan mutane, wata mata mai suna Shibo tana gaba. In iskar ta hau, sai mutum ya dinga kwaikwayon sojan Faransa: tafiyarsa, sarawarsa, ba da odarsa. Aka ce musu Babule, ko Hauka. Suka bijire wa sarki Gado Namalaya da mulkin Nasara. Amsar kumandan Yamai, Croccichia, ita ce kurkuku. Abin bai mutu ba, ya bi 'yan ci-rani har Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim a 1954. Wahalar haraji da aikin tilas na zamanin kuwa, kurkuku bai taɓa ta ba.

A wannan shekara ta 1954 Dakta Thomas Lambo ya buɗe wata hanya a Aro, Abeokuta: maras lafiya ya zauna cikin ƙauye tare da ɗan'uwansa, ana yi masa magani ba a raba shi da jama'a ba. Daga 1959 Henri Collomb ya kawo irin wannan tunani asibitin Fann a Dakar, inda ake zaman da'ira da maras lafiya da dangi, kowa ya faɗi nasa.

To, me likita ke tambaya yau? Yaushe abin ya fara? Yana barci, yana cin abinci? Ya san ranar yau da inda yake? Yana jin muryoyin da wasu ba su ji? Yana shan tiramol? Ya yi zazzaɓi ko farfaɗiya? Don zazzaɓin sauro ko sanƙarau kan ruɗa mutum a ɗauka hauka ne. Kuma dole a tambaya kai tsaye: ka taɓa tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma ita ke cetonsa.

Yau muna da 'yan'uwa da rashin tsaro ya koro daga garuruwansu a jihar Tillaberi. Wani ba ya barci, wata ta daina magana. Kafin mu ɗaure su da mari ko mu ce iska ce, mu zauna mu saurara, sannan mu kai su asibitin Filinge ko Bonkuku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.