Ka goge sunan yaro daga fayil amma har yanzu yana shan wifi ɗinka: tarihin kill -HUP

1/ Masu sayar da wifi a Gumel da Maigatari, ku matso. Ka cire sunan wanda bai biya ba daga fayil ɗin fasuwod, ka koma harkarka, washegari ka tarar yana kallon bidiyo da datarka. Ba asiri ya yi maka ba. Matsalar ta girme ka.

2/ A 1961, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka haɗa CTSS, kwamfuta ɗaya da mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci guda. Kowa da kalmar sirrinsa, duk a rubuce ƙarara cikin fayil ɗaya. A 1962 wani ɗalibi, Allan Scherr, ya buga fayil ɗin a takarda don ya riƙa shiga da sunan wasu, saboda awannin da aka ware masa ba sa isarsa. Satar data dai tun a wancan zamani.

3/ A Bell Labs, Robert Morris ya gyara wa Unix wannan: fayil ɗin /etc/passwd ya daina ajiye kalmar kanta, sai wani lissafi da aka dagula ta da shi. Shi da Ken Thompson suka bayyana tsarin a 1979. Amma kowa na iya karanta fayil ɗin. A Nuwamba 1988 ɗansa na cikinsa ya saki wata tsutsar kwamfuta da ke karanta shi tana cankar kalmomi masu sauƙi. Daga nan /etc/shadow, wanda root kaɗai ke buɗewa, ya bazu.

4/ To ina ruwan wannan da yaronka? Wasu sabobi, irin FreeRADIUS da ake tantance masu shiga wifi da ita, suna karanta fayil ɗin masu amfani sau ɗaya lokacin tashi, su riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Ka gyara fayil, ita tsohon jerin take bi.

5/ Kashe ta ka kunna? Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika, 'yan POS na jiran netwok? Haba.

6/ Maganin ya fito ne daga zamanin wayar tarho. Da can ta layin waya ake shiga kwamfuta. In layi ya katse, Unix na tura wa shirin sigina mai lamba 1, SIGHUP, wato “an kife waya”. Su kuwa shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage ba su da layin da zai katse, sai masu rubuta su suka ba siginar sabon aiki: sake karanta fayilolinka.

7/ Shi ya sa ake rubuta kill -HUP sannan lambar shirin. Sunan ne ke ba da tsoro, amma fa shirin da ba a koya wa HUP ba mutuwa yake da gaske, don haka ka duba takardun sabarka tukuna. Kuma wanda ya riga ya shiga, sai ka katse shi daga rawuta da hannunka.