Makaɗan Fada a Ƙasar Auyo

Auyo tsohon gari ne ƙwarai. Yana cikin garuruwa bakwai na ƙasar nan masu kai gaisuwa Barno, kafin jihadi ya mai da shi ƙarƙashin Haɗejiya, inda Sambo ya hau gadon sarauta a 1808. Duk wannan canji bai raba sarauta da makaɗa ba.

Kiɗan fada gado ne. Akwai Sarkin Makaɗa, da masu algaita, da 'yan amshi, da Sanƙira mai kirari. Tambari da kakaki kuwa na babban sarki ne. Ran Alhamis da dare sukan taru a ƙofar fada su yi sara. A nan yaro ke koyo, yana bayan ubansa, har ya haddace taken kowane basarake. A bakinsu sunayen mazan jiya ke zaune, kamar Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya rasu a 1863, da Muhammadu, wanda ya faɗi a yaƙin Turawa a 1906.

Harshen Auyokawa ya riga ya ɓace, sai 'yan kalmomi a takarda. To, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku zauna gaban tsofaffin makaɗa da alƙalami, kada waƙa ta bi sawun harshe.